Gidan dala 500 a Amurka: gwanjon gaskiya ne, amma ga mazaunin Kurmi cinikin biri a sama ne

Duk mai leƙa TikTok ko YouTube a 'yan watannin nan da wuya bai ci karo da irin bidiyon nan ba. Mutum ne tsaye gaban wani gida mai korayen ciyayi a Amurka, yana cewa dala 500 ya saye shi a gwanjon gwamnati saboda mai shi ya kasa biyan haraji, kuma wai kai ma kana iya saye daga wayarka. Yanzu maganar ta shigo gurup-gurup na WhatsApp na matasanmu, daga Agege da Mile 12 har Sabon Badun, Shagamu da Fatakwal. Idan ka buga lissafi a kan naira 1,500 duk dala, kuɗin ya kama naira 750,000. Bai ma kai kuɗin ƙosasshen sa guda ba a Kara lokacin Babbar Sallah. To wa zai ji haka hankalinsa bai tashi ba?

Gaskiyar magana, wannan gwanjo akwai shi. Doka ce ta kafa shi, kuma akwai waɗanda suke cin abinci da shi. Amma abin da mai bidiyo ba ya faɗa shi ne, arahar nan kuɗin abin da ba ka gani ba ne. Mu da muka tashi a harkar shanu mun san ba a sayen dabba sai an zagaya ta, an duba haƙori, an ga tafiyarta, sannan a san wane mai gida ne ya tsaya wa mai ita. A gwanjon haraji babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai in kai ka samar wa kanka su da kuɗinka.

Yadda abin yake tafiya

A Amurka harajin gida ba na gwamnatin tarayya ba ne. Na ƙaramar hukuma ne, wadda suke kira kaunti, da kuma birni. Da shi ake biyan malaman makaranta, 'yan kwana-kwana, 'yan sanda da gyaran titi. Shi ya sa ba sa wasa da shi. Ana kimanta darajar gidanka, duk shekara a yanka maka. Idan ka daina biya, bashin yana hawa kan gidan ne, kuma yana gaba da kusan kowane irin bashi, har da na bankin da ya ba ka rancen sayen gidan.

Kowace jiha da dokarta, amma hanyoyin karɓo kuɗin uku ne.

Ta farko, hukuma ta sayar da bashin kawai. Kai ka biya mata harajin da ake bin mai gida, ta ba ka takarda, shi kuma ya biya ka da kuɗin ruwa. A Filorida ana fara gwanjon wannan takarda daga ruwan kashi 18 cikin 100, masu saye suna ta rage shi, wanda ya yarda da mafi ƙanƙanta shi ya ci. Sai an shekara 2 ba a biya ba kafin mai takarda ya nemi a sa gidan a kasuwa, kuma ko a nan ba ba shi gidan za a yi ba, sabon gwanjo za a buɗe kowa ya taya.

Ta biyu, hukuma ta sayar da gidan kansa. Wannan shi ne wanda ake talla a bidiyo, suna ce masa taks did. A Kalifoniya gidan zama sai ya shekara 5 da bashi a kansa kafin a sa shi a gwanjo. A Mishigan kimanin shekara 3 ne.

Ta uku tana tsakiya. A ba ka takardar gida, amma tsohon mai shi yana da damar dawowa ya fanshi abinsa. A Teksas ana yin gwanjon ne ranar Talatar farko ta kowane wata. Idan gidan da mutum yake zaune a ciki ne ko gona, yana da shekara 2 ya fansa: ya mayar maka da kuɗinka da ƙarin kashi 25 a shekarar farko, ko kashi 50 a ta biyu. Sauran kadarori kwana 180 ne. A Jojiya wata 12 ne da ƙarin kashi 20. Ka ga ke nan kana iya riƙe takarda shekara guda ko biyu ba ka san ko gidan zai zauna a hannunka ba.

Takarda ake sayar maka

Nan ne inda yawanci ake faɗawa rami. Hukuma ba ta ba ka tabbacin komai. Takardar da take bayarwa cewa kawai take yi, duk haƙƙin da muke da shi a wannan wuri mun sallama maka. Ba ta ce akwai rufi ba, ba ta ce babu mutum a ciki ba, ba ta ce wani ba zai taso gobe da ƙara ba.

Ba a ba ka makulli ka shiga ka duba kafin gwanjo, don har ranar gidan na wani ne. Hoton da ke shafin intanet wataƙila na shekarun baya ne. Wani lokaci abin da aka sa a jerin ma ba gida ba ne, ɗan tsirin fili ne tsakanin gidaje biyu da ba a iya gini a kai, ko fadama, ko kangon da gobara ta cinye.

Sannan ba kowane bashi gwanjon ke wankewa ba. A Filorida basussukan da hukumomin gwamnati ke bin gida, kamar tarar da birni ya ɗora saboda an bar wuri ya lalace, suna bin sabon mai shi. A Fensilbeniya akwai gwanjon farko wanda in ka saya a cikinsa bashin banki yana nan daram a kan gidan, sai a gwanjo na biyu da kotu ta ba da umarni ne ake wanke shi. Idan kuma hukumar harajin tarayya, IRS, tana bin tsohon mai gidan, tana da kwana 120 bayan ciniki ta mayar maka da kuɗinka ta karɓe wurin.

Ko ka tsallake waɗannan, sayarwa wani aiki ne. A can mai saye da rancen banki ba ya karɓar gida sai kamfanin inshora ya tsaya wa takardar mallakarsa, kuma su kamfanonin ba sa saurin tsaya wa takardar gwanjon haraji. Abin da aka saba yi shi ne ka ɗauki lauya ya shigar da ƙara, a nemi duk mai da'awa ya fito, alƙali ya tabbatar maka. Wannan yana cin watanni da dubban daloli. Idan akwai mutum a cikin gidan, ba ka isa ka canza kwaɗo ko ka watsar masa da kaya ba. Kotu za ka sake komawa.

Kuɗin ma ba a jiran ka. A Filorida wanda ya ci gwanjo zai ajiye kashi 5 cikin 100 ko dala 200, duk wanda ya fi yawa, sauran kuma ya cika cikin awa 24. In ya gaza, abin da ya ajiye ya tafi. Yanzu ka tambayi kanka, daga bankinka na Legas, dala nawa kake iya turawa Amurka ta isa cikin kwana ɗaya?

Inda maganar dala 500 ta samo asali

Birnin Ditroit na jihar Mishigan ne ya haifi wannan adadi. Kauntin Wayne, inda birnin yake, ya saba yin gwanjo zagaye biyu a ƙarshen shekara. A na farko ana fara tayi daga jimlar bashin da ke kan gida. Abin da ya yi kwantai sai a dawo da shi zagaye na biyu, a fara daga dala 500. Lura da kyau: farkon tayi ke nan, kuma a kan kayan da mutanen gari suka gani suka wuce. Duk ɗan kara ya san dabbar da ta rage a turke bayan mahautan gari sun gama zaɓe, akwai dalilin da ya sa ta rage.

Me ya sa gidaje suka yi yawa haka a Ditroit? A 1950 mutanen birnin sun haura miliyan 1.8, lokacin da masana'antun mota ke tashe. A ƙidayar 2020 ba su kai 640,000 ba. A 2013 birnin kansa ya shiga kotu ya ce ya tsiyace. Unguwanni sun koma kufai, ɓarayi suna cire wayoyin wuta da bututun ruwa daga gidajen da ba kowa.

Akwai kuma zalunci a ciki. Tsarin mulkin Mishigan ya hana a kimanta gida don haraji sama da rabin kuɗinsa na kasuwa. Bayan faɗuwar farashin gidaje ta 2008, birnin bai sauke kimarsa yadda ya kamata ba. Binciken da jaridar Detroit News ta fitar a Janairun 2020 ya nuna an caji masu gidaje fiye da ƙima da aƙalla dala miliyan 600 tsakanin 2010 da 2016. Wata farfesar shari'a, Bernadette Atuahene, ta gano cewa tsakanin 2011 da 2015 an ƙwace kadara 1 cikin kowace 4 a birnin saboda haraji, kuma talakawa baƙar fata abin ya fi shafa. Wato da yawa daga gidajen da ake yi mana talla a matsayin garaɓasa, an raba su ne da masu su a kan bashin da tun farko an zuzuta shi.

Abin da kotuna suka ce

Shari'u biyu sun girgiza wannan harka. Ta farko a Mishigan. Wani dattijo, Uri Rafaeli, ya yi kuskuren lissafi ya rage dala 8 da santi 41 a harajin wani gidansa na haya. Ruwa da tara suka kai bashin kusan dala 285. Kauntin Oakland ya ƙwace gidan ya sayar dala 24,500, ya riƙe kuɗin duka. A 2020 kotun ƙolin jihar ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulkin jihar.

Ta biyu ta kai har Kotun Ƙolin Amurka. Geraldine Tyler, tsohuwa 'yar shekara 94 a Minesota, ta bar ɗan gidanta ta koma gidan kula da tsofaffi. Harajin kusan dala 2,300 ya taru, ruwa da tara suka mai da shi dala 15,000. Kauntin Hennepin ya sayar da gidan dala 40,000 ya haɗiye ragowar dala 25,000. Ranar 25 ga Mayu 2023 alƙalai 9 duka suka yi ittifaƙi cewa hukuma tana iya karɓar bashinta, amma rarar ta mai gida ce.

Wannan hukunci ya sa jihohi da dama sun sake dokokinsu, kuma tsofaffin masu gidaje sun buɗe ido, lauyoyi suna neman su. Ga mai saye, darasin shi ne doka a wannan fanni tana motsi. Bidiyon da aka ɗauka shekara 4 da suka wuce wataƙila yana koyar da abin da ya riga ya canza.

Lissafin mai zaune a Agege

A ce ma ka yi sa'a ka samu gida mai kyau. Da wa kake takara? Yawancin gidaje masu daraja ba sa isa ranar gwanjo, don mai gida ko bankin da ke binsa yakan biya harajin a ƙurarren lokaci, ba zai bar dukiya ta tafi a kan ƙaramin bashi ba. Kaɗan ɗin da suka isa, tunda gwanjon ya koma intanet, kamfanoni masu lauyoyi da ma'aikatan da ke zagaya unguwa da mota su ke tayawa, har farashi ya matso na kasuwa.

Bayan saye, haraji bai tsaya ba, yanzu kai ake bi. Ga inshora, ga yankan ciyawa da kwashe ƙanƙara, don in ka bari birni zai ci ka tara. Ga gyara da kuɗin leburan Amurka. Duk da dala za ka biya, alhali da naira kake samu. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ɗauki nauyin dala a wuyansa a wancan lokaci, nauyin ya ninka sau uku yana zaune. Kuma in ka gaza biya, gidan zai koma gwanjon da ka same shi, wani ya saya.

Baƙo yana da nasa ƙarin dokoki. Sai ka nemi lambar biyan haraji ta Amurka. Ranar da za ka sayar, doka ta ce a riƙe kashi 15 cikin 100 na kuɗin cinikin duka, ba na riba kaɗai ba, sai daga baya ka cike takardu ka nemi abin da ya rage naka. Idan ta Allah ta kasance, baƙon da ba mazaunin ƙasar ba dala 60,000 kacal ake yafe masa kafin harajin gado ya hau kan dukiyarsa ta can. Kuma a sani, mallakar gida a Amurka ba ta ba mutum biza. Kana iya zama mai gidan da ba za ka taɓa taka ƙofarsa ba.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a kai wa malamai kafin a kai wa lauya. Sayen takardar bashi don a ci kashi 18 kuɗin ruwa ne ƙarara, sunansa ke nan a dokar ma. Ƙarin kashi 25 na Teksas da ake ba ka idan mai gida ya fanshi abinsa, shi ma yana buƙatar fatawa. Kada mutum ya zuba kuɗi tukuna ya zo yana neman wanda zai halatta masa.

To wa ke cin riba a wannan talla? Ka duba ƙarshen bidiyon. Kusan kullum akwai kwas da za ka biya, ko jerin gidaje da za a sayar maka, ko wani ejan da zai saya a madadinka. Jerin nan kyauta kaunti ke wallafa shi. Mai cewa ka turo naira asusunsa shi zai riƙe takarda da sunan kamfaninsa, me ka riƙe in ya kashe waya? Ba mu manta MMM a Disambar 2016 ba, ba mu manta CBEX a Afrilun 2025 ba, lokacin da mutane suka fasa ofishinsu a Badun bayan kuɗi sun maƙale. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Me ya sa abin ke jan mu

Ba kwaɗayi kaɗai ba ne, a yi adalci. Bahaushen Kurmi yana da tsohuwar damuwa a kan inda zai kafa dukiya. Wanda ya ga rikicin Mile 12 a 2016, ko ƙonewar kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, ko yadda gwamnatin Abiya ta ce a daina kwana a kasuwar shanu ta Lokpanta a 2023, dole ya yi tunani sau biyu kafin ya zuba bulo a nan. Gida kuma, Arewa, rashin tsaro ya sa wasu garuruwan ba sa saye ba sa sayarwa. Sai ƙasar da ake cewa doka na aiki ta yi kyau a ido.

Amma mu tuna yadda iyayenmu suka kafu. A Sabon Badun da Agege, gida shi ne jarin mai gida. A nan yake sauke fatake, a nan ake ajiye kuɗi, kuma saboda an san gidansa ba ya tashi shi ya sa ake yarda ya tsaya tsakanin mai shanu da mahaucin da zai ɗauka bashi. Darajar gidan tana tare da cewa mai shi yana wurin, ya san maƙwabta, ya san sarkin unguwa. Gidan da ke nisan dubban mil, a unguwar da ba ka san sunan mutum ɗaya ba, bai da wannan amfani ko kaɗan.

A Najeriya babu irin wannan gwanjon haraji mai kalanda da ake yi duk wata ko duk shekara. Abin da muke da shi gwanjon kotu ne, da na bankuna, da na AMCON da aka kafa a 2010, da na kadarorin da kotu ta ƙwace ta miƙa wa EFCC. Su ma ana sanar da su a jarida da shafin hukumar. Duk wanda ya zo maka a ɓoye da gidan gwanjon gwamnati wai yana da hanya a ciki, ka riƙe aljihunka.

Wanda ke da naira 750,000 ko miliyan 2 yana son fara harkar gidaje, aikin da ya fi amfani yana kusa. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna, don haka rasit ɗin iyalin masu ƙasa kaɗai ba ya kare ka. A Legas, kafin ka biya, ka sa safiyo ya kai taswirar filin ofishin babban safiyon jiha a duba ko yana cikin wanda gwamnati ta riƙe, lauya kuma ya yi bincike a ofishin filaye na Alausa. Idan wurin yana da C of O, cinikin bai kammala ba sai da amincewar gwamna. Akwai dokar 2016 da ta haramta ƙwacen fili da tatsar da omo-onile ke yi, amma mai takarda ne ke iya tsayawa a kanta. Masu gidajen gado a Agege, Idi-Araba da Obalende kuma su duba harajin ƙasa na jihar Legas, wanda aka fara a 2001 aka sake gyara dokarsa a 2018 da 2020. Jinkiri yana jawo tara, kuma rasit ɗinsa yana cikin abin da ke nuna kana riƙe da wurin. Gidaje nawa ne a unguwanninmu har yau suna sunan kakan da ya rasu shekara 30, magada ba su je sun gyara takarda ba?

Ga wanda kuma yake da ɗan'uwa na jini zaune a Amurka, mai takardun zama, kuma ya nace sai ya gwada, to a bi ta yadda ake bin cinikin shanu. A zaɓi kaunti ɗaya, wanda ɗan'uwan zai iya zuwa da ƙafarsa. A karanta dokarsa a shafin hukumar kanta. A kalli gwanjo biyu ko uku ba a taya ba. A biya a binciko basussukan da ke kan gidan. A ware kuɗin lauya, gyara da harajin shekara 2 kafin a taya, a kuma yanke iyakar da ba za a wuce ba. A rubuta yarjejeniya da shaidu ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne. Kuma kada a taɓa jarin kasuwa ko kuɗin amanar wani.

Idan ba ka da mai zuwa ya gani da ido, ba ka da lauya, ba ka da dalar da za ka iya rasawa ka kwana lafiya, ka bar wannan gwanjo ga mutanen garin. Kuɗin nan ka kai shi wurin safiyo da lauya a gyara takardar gidan da kake kwana a ciki.